Gahawar Abu Yazan

Mutumin da aka daina kiransa aikin gaggawa, zai iya yin ciniki tsakani da Allah a madadin waɗanda ake kira kullum? Na daɗe ina juya wannan tambaya, har yau ban samu amsarta ba. Abin da na sani kawai shi ne abin da ya faru a Amman wata Talata da hantsi.

Kyaftin Munzir, wanda kowa ke kira Abu Yazan, shi ne shugaban ƙungiyar matuƙa jirgin sama na kamfaninsu. Maganar masu zaman jira ce ta kawo shi ofis. In wani matuƙi ya kwanta ciwo, sai a buga wa na jira waya, a ba shi awa ɗaya da rabi ya iso filin jirgi. Ƙungiya tana son awa biyu. Ƙananan matuƙa ne kaɗai a jerin masu jiran. Munzir ya shekara tara yana cewa shi ya yi nasa jiran tun yana da gashi a ka.

Sitt Rula, mai tsara tashin jirage, ta zuba masa gahawa. Ya ajiye kofin bai kurɓa ba, yadda ake yi a ƙasarsu in an je neman aure: ba a sha sai an biya buƙata.

"Abu Yazan, 'yata ta yi aure tun bara," in ji ta. "Me kuma ka zo nema?"

"Minti talatin, Umm Karam," ya ce, yana kiranta da sunan ɗanta.

Bashar, mataimakin matuƙi da ya rako shi, ya nuna haɓarsa. "Tun daga garin Salt nake tahowa, Sitt Rula. Ranar Lahadi da rabin gemu na sauka a Alƙahira."

Ta yi dariya, sannan ta juyo wajen Munzir. "In na ba na nesa awa biyu, dole a samu na kusa da zai tare jirgin da ba ya jira. Gidanka minti nawa ne zuwa filin jirgi?"

"Ashirin."

"To, manya su shiga jerin, kwana biyu a wata. Sunanka a farko."

"Wannan ba za ta yiwu ba," in ji Munzir, ya naɗe hannu.

Gahawa tana ta hucewa. Can sai wayar Bashar ta yi ƙara. Kafin ya duba ya riga ya miƙe, hannunsa na kan jaka. Ashe mahaifiyarsa ce, tana tambaya ko za a ajiye masa mansaf, shinkafa da naman rago.

Suka kwashe da dariya, ban da Munzir. Ya san wannan zaburar. Jikinsa ya manta da ita, shi ya sa ya ɗauka ƙaramin abu ne.

"Manyan nan za su cinye ni ɗanye a taron ƙungiya ranar Alhamis," ya ce.

"Ka tsufa, baffa, ba za ka taunu ba," in ji Bashar.

Munzir ya jawo takardar jerin, ya rubuta sunansa a sama da na kowa.

"Awa biyu," in ji Sitt Rula. "Sha gahawarka, Abu Yazan."

Gahawar ta yi sanyi ƙalau. Ya shanye ta tas, ya miƙa kofin a ƙaro masa.