Kafaɗar Bahaguwa

...ta sake. Ga shi nan, yarinyar ta sake kai hannun dama kan kafaɗar hagu, ta matsa, ta janye da sauri kamar mai satar nama a tukunya. Koci na tsaye gefen raga da kwandon ƙwallon tanis, yana gani. A'a, bai gani ba. Gumi take sharewa. Gumi, a nan kaɗai? Haba Koci, ji tsoron Allah...

Sabis ɗin nan, bugun buɗe wasa, nasa ne. Shi ya ɗora wa Bahaguwa tun raket ya fi hannunta tsawo: a cilla ƙwallo can bayan ƙeya, a gantsare, a ɗauko ta daga inda ba a ɗaukowa. Da shi ya ci abinci, da shi ya hau jirgi, 'yan kallo na miƙewa tsaye, tafi, tafi... ɗakin likita, warin magani, hoton ƙashi a jikin fitila. "Wa ya koya maka wannan bugun?" Ba kowa, likita, ni na ƙirƙiro abina. Har da murmushi ya faɗa, sakarai! Yau ko riga zai sa, sai ya lallaɓa hannun.

Tas! A kan layi. Masha Allah. Duk cikin masu tasowa wa ke da irinsa? Wa?

Ga mahaifinta can a benci. Shi ya zo masa da zancen kwanaki — wata babbar makarantar tanis na nemanta, amma sai an sauya mata sabis, wai zai ci kafaɗarta. Koci ya yi dariya har da tafa hannu. Hassada ce, ranka ya daɗe, masu koyarwa daga takarda! Bawan Allah ya yarda. Ya ce kai ne ubanta a filin nan, abin da ka yanke shi ke nan. Ita kuma: ba inda za ni, Baba Koci.

Baba. Ba wanda ya taɓa kiransa haka sai ita...

In ya buɗe baki ta tafi. Me ya rage? Masu tumbi na ƙarshen mako, a jefo musu ƙwallo su kai duka su sami iska, a ce madalla yallaɓai. Ɗaki shiru. Kofuna sun dushe a kan kabad. Wallahi tsoro yake ji, tsoron ranar da zai buɗe ƙofar filin nan ba kowa a bayansa.

To jakarta fa? Kullum ƙasan jakar a jiƙe. Ruwan gora ya zube, in ji ta. Ƙanƙara ce a tawul — wa za a gaya wa? Shi ma haka ya riƙa ɓoyewa, a banɗaki, haƙora a cije, kada a hana shi gasa. Har ɓoyon ta gada. Bai koya mata ba, ko ya koya?

Gado ya ce zai bar mata. Ashe har da wannan...

"Baba Koci, in ƙara kwando ɗaya?"

Tana dariya. Mahaifinta na ɗaga masa babban yatsa. Ya isa, 'yata, ajiye raket — faɗa mana! Ya ɗaga hannu zai tsayar da ita, hannun ya zo daidai ƙirji ya cije, inda ya saba cijewa. Saura baki. Bakin lafiyarsa ƙalau, ba likitan da ya taɓa shi...

Ta riga ta cilla ƙwallon, can bayan ƙeya, daidai yadda ya koya mata.