Jitar Yaya a Ƙarƙashin Ganga

Ku yi mini afuwa, masu karatu. Ni karanta na wasu na saba, yau ne na fara karambanin rubuta nawa.

Abin da Yaya ya bari a duniya bai wuce jitarsa mai kaurin murya ba, sai kiɗa guda da aka ɗauka a kwamfutar studiyo dab da ciwo zai kwantar da shi, kwanciyar da bai tashi ba. Ƙanwarsa Auta ce mai haɗa sauti a wurin, ita aka bar wa ƙarasa waƙar.

Damuwar ita ce, jitar da babbar ganga duk da kaurin murya suke magana, in suka haɗu sai gurnani. Dogo mawaƙi, abokin Yaya tun ƙuruciya, ya jingina da bangon da aka manna wa soso ya ce, "Auta, matse sautin jitar kawai. Duk sanda ganga ta sauka, jita ta sunkuya. Kowa haka yake yi."

Ta gwada. Ganga ta buga, jita ta nutse, ta ɗago, ta sake nutsewa, kamar wanda ake danna wa kai cikin ruwa. Auta ta tsayar da kiɗan.

"Ba zan iya ba, Yaya Dogo. Da ransa ma bai taɓa sunkuya wa mai ganga ba."

"Ai shi ya sa kullum suke faɗa," in ji Dogo, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Sai ta bi wata hanya. Maimakon ta danne jitar ɗungurungum, ta sa mata matatar sauti: in ganga ta sauka, kaurin ƙasan kaɗai ake tsamewa, sauran sautin ya wuce yadda yake. Ganga ta sami wuri, jita ba ta durƙusa ba. Ta kunna a manyan sifiku.

Waƙar ta fito tas. Yaya ma ya fito tas. Ashe gurnanin nan da matsin nan asiri suke rufa masa. Yanzu ana jin yatsansa na zamewa a kan tsirkiya, yana isowa a makare, ana jin inda ƙarfin dannawa ya ƙare masa, sautin ya mutu a hanya.

Dogo ya girgiza kai.

"Wannan ba hannunsa ba ne," ya ce, "hannun ciwo ne."

"Nasa ne."

"Ki ji tsoron Allah, Auta. Mutumin da ya kori mai ganga don ya yi atishawa a tsakiyar kiɗa, shi za ki nuna wa duniya a haka? Ko ki danne shi yadda na ce, ko in kira wani ya sake bugawa."

In ta danne, ba mai jin Yaya. In ta bari, kowa zai ji shi yana ƙarewa. Dogo ya ɗauki shirun nata amsa, ya zaro waya.

Da la'asar wani mai jita ya iso, mutum mai ladabi. Ya tuɓe takalmi, ya yi mata ta'aziyya, ya nemi uzuri cewa tasa jitar tana wurin gyara. Dogo ya miƙa masa ta Yaya. Ya ɗaure tsirkiya, ya buga daga farko har ƙarshe, ko tuntuɓe babu. Da kyau ƙwarai. Abin da ya fi ci mata rai ke nan.

"Ƙanwata, rufe mana tsohon, yana rikita ni," in ji shi, ba da wata manufa ba.

Ta rufe sautin Yaya.

Su biyun suka duƙufa suna gardama kan inda amshi zai shiga. Auta ta tura kujerarta baya a hankali don kada ta yi ƙara, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta ja ƙofar mai nauyi. Sai da ta sauka daga bene sannan ta saka su.