Girar Ivalu

Ran da Ivalu ta cika shekara saba'in ta buɗe ƙofa aka yi shan kofi, kamar yadda ake yi a kowane gida a kudancin ƙasar Girinlan. Ba sai an gayyace ka ba. Ka cire takalmi, ka sha kofinka, ka ci kek da busasshen kifi, ka tashi ka ba na waje wuri. Ko yaro ya san wannan.

Amma baƙi biyu sun share awa biyu a kujerun bakin taga. Ɗaya Ba'amurke ne mai dogon surutu, Mista Hollis. Ɗayan ɗan Sin ne, Mista Shen, wanda ya shekara uku a garin, kuma ba ka jin bakinsa sai dole. Kowannensu ya ce tsuntsaye ya zo nazari. Ivalu kuwa ba ta taɓa ganin mai nazarin tsuntsu da idonsa kullum ke ƙasa ba.

Ta san abin da ya zaunar da su. Jan dutse ne mai ƙyalli, bai fi dunƙulen hannu ba, da ke ajiye a kan taga. Marigayi mijinta ya tsinto mata shi a kwarin da tumakinta ɗari uku ke kiwo. A ƙasar nan ba mai mallakar fili, izinin amfani kawai hukuma ke bayarwa, kuma abin da ta bayar tana iya karɓewa. In aka san irin wannan dutse na kwance a kwarin, injinan haƙa za su zo, tumaki su tafi.

Ta ja ɗanta Aqqalu zuwa madafa. Tun da ya dawo daga babban birni da sabuwar riga da sabbin abokai hankalinta bai kwanta da shi ba.

"Kai ka kira su?"

"Haba Anaana," in ji shi, wato mama da harshensu, "wa ake kira shan kofi? Kin ajiye musu wani kek ɗin?"

Ta ɗaga gira, wato e, yadda mutanen nan ke amsawa ba tare da sun wahalar da baki ba. Sannan ta ce, "Rigar nan fa, wa ya saya maka?"

"Yau kuma rigata ce ta yi laifi?"

Ya fice ransa a ɓace. Ita ko a jikinta.

A falo, aminiyarta Pipaluk ta leƙo daga ƙofa, hancinta ya yi ja don sanyi. "Ke tsohuwa, mutum tara ne a waje. Waɗannan biyun aurenki suka zo nema?"

"Ai kin gani, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara tashi."

Aka yi dariya, har da baƙin, amma ba wanda ya motsa. Hollis ya sha kofi na biyar yana hararar Shen ta saman kofin. Daga ƙarshe haƙurinsa ya ƙare, ya ɗauki dutsen yana jujjuyawa.

"Kyakkyawa! A ina aka samo shi?"

Ivalu ta daɗe da shirya amsa. "A shago na saya. An ce daga can arewa aka kawo."

"Ba daga nan kusa ba?"

"Nan kusa ban da kashin tumaki me muke da shi?"

Ta saci kallon Aqqalu, ko zai yi wa baƙon wata alama. Kansa na ƙasa yana goge faranti. Wannan ma bai yi mata ba, ta ce a ranta munafunci ne.

Sai Shen ya ajiye kofinsa. Bai kalli dutsen ba, hoton marigayin da ke bango ya kalla, ya yi magana da harshen garin a hankali.

"An ce mutumin kirki ne. An ce bai taɓa dawowa daga kwarin tumaki hannu sake ba, ko fure ne ko ɗan dutse sai ya riƙo wa matarsa."

Shekara shida da rasuwarsa ba wanda ya tuna mata da wannan. Zuciyarta ta karye, ta gan shi a bakin ƙofa da dusar ƙanƙara a gemu, yana miƙo mata abu a tafin hannu. Idonta ya sauka kan dutsen da ke hannun Hollis, girarta ta ɗaga.

"A'a," in ji bakinta, "saye na yi."

Shen ya riga ya miƙe yana godiya. Hollis, da ba ya jin harshen garin, bai gane ko kalma ɗaya ba, amma ya ga abokin hamayyarsa na sauri, sai ya dire dutsen ya bi shi. A bakin ƙofa suka yi ta gogayya wajen sa takalmi.

Mutanen waje suka shigo suna karkaɗe sanyi. Pipaluk ba ta ƙara tsokana ba, ta dai zauna ta kau da kai.

Aqqalu ya matso ya yi ƙasa da murya. "Wata biyu suna bina, Anaana. Har kwalekwale mai inji aka yi mini alkawari. Ban ce musu komai ba."

Ivalu ba ta iya kallonsa ba. Ta taga tana hango motoci biyu sun kama hanyar kwari, kowace na son wuce 'yar'uwarta. Ta kai hannu ta dafe goshinta.