Finjalin da Lujain Ta Ɗaga

A garin Karak akwai wani mutum da ake kira Abu Lujain, shi ke riƙe da reshen wani kamfanin sayar da iri da takin zamani. Shi da 'yarsa Lujain, ɗalibata a aji huɗu, suna zaune a saman shagon. Ci da sha bai yanke musu ba, sutura ma haka. Abin da suka rasa mahaifiyar yarinyar ce. Ciwo ya sa ta koma Amman wurin yayarta, inda ake yi mata wankin ƙoda, sai ranar Juma'a suke zuwa su gan ta su juyo.

Abu Lujain yana so a mayar da shi reshen Amman, amma mutum ne mai nauyin baki wajen roƙo. A da wannan ba matsala ba ce. Duk ƙarshen wata masu riƙe da rassa sukan taru a ofishin mai kamfanin, dattijo Abu Nidal, shi da kansa yake zagayawa da butar gahawa. Mai buƙata ba sai ya buɗe baki ba. Ya karɓi finjalinsa ya ajiye bai sha ba, shi ke nan an gane. In an watse sai dattijon ya kama hannunsa su keɓe.

To, sai Nidal, ɗan dattijon, ya mayar da taron ta kwamfuta don a huta da doguwar hanya. An kuwa huta. Sai dai kowa a ɗan akwatinsa yake bayyana, daga wuya zuwa sama, ya faɗi buhun da ya sayar ya yi shiru. A ƙarshe Nidal ya ce, "Akwai mai matsala?" Kowa ya ce, "Alhamdulillahi." Allon ya yi baƙi.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?" in ji Lujain, wata rana bayan an tashi.

"A gaban kowa da kowa zan kwance ciwon uwarki? Har da Fawwaz mai baki kamar rediyo?"

"To ka kira Kawu Abu Nidal a waya."

"Ba a roƙon babba ta waya kamar mai neman a kawo masa burodi. Da dai zamanin finjali ne."

Ya ba ta labarin finjalin yana dariya, ita kuwa ba ta yi dariya ba.

Da taro na gaba ya zo, Lujain ta dafa gahawa ta zuba, ta ajiye a gaban mahaifinta. Ta leƙa allon, ta ga finjalin bai fito ba, tebur ɗin ma gaba ɗaya ba ya ciki. Sai ta ɗauka da hannu biyu ta ɗaga shi daidai idon kwamfutar, ta riƙe. A daidai nan sabis ya ɗauke, hoton ya daskare a haka.

Da murya ta dawo, Fawwaz na reshen Irbid aka fara ji. "Kai, Abu Lujain, har da mai hidima! Turo min nawa ta wayar nan mana, marowaci!"

Aka kwashe da dariya. Abu Lujain ya janye hannun 'yar yana cewa a yi haƙuri, ƙuruciya ce. Nidal ya ce a ci gaba da lissafin taki. Dattijon kuwa, a nasa akwatin, bai yi dariya ba.

Washegari da hantsi wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Abu Nidal ya fito yana dogara sanda, da filas a hammatarsa. Abu Lujain ya ruga ya tare shi.

"Maraba, maraba! Da ka faɗa ai da na yanka rago. Lujain, ɗora gahawa!"

"Ajiye ta, 'yata," in ji dattijon. "Abu Lujain, shagon nan na wane ne?"

"Naka ne mana."

"To ashe ni ne mai masauki, kai ne baƙo. Zauna."

Ya buɗe filas ɗin, ya fito da finjali daga aljihu, ya zuba ya miƙa masa da hannun dama. Abu Lujain ya karɓa, ya daɗe yana kallon tururin. Sannan a hankali ya ajiye shi a kan buhun iri.

"Sha gahawarka," in ji dattijon. "Abin da kake nema ka samu."

"Ba ka ma ji ko mene ne ba."

"Zan ji. Gahawar ce ba ta jira."

Abu Lujain ya sha, ya faɗi komai. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce akwai wani yaro ɗan Karak a reshen Amman da kewar gida ta dame shi, sai su yi musaya.

"Wata nawa ina kallon fuskarka a akwatin nan, ban ga ka rame haka ba," in ji shi. "Na'urar tana da kyau wajen ƙirga buhu. Amma taron ƙarshen wata ya dawo ofis, ko Nidal zai yi kuka."

Ya juya wajen Lujain. "Ke kuma, wa ya koya miki roƙo da finjalin da ke kika zuba?"

"Babu mai zubawa ne, Kawu."

Dattijon ya dafa kanta. "Gaskiyarki."

Ranar da Lujain ta zo sallama da ajinmu ta ba ni wannan labari. Ta ce ta gane cewa akwai maganar da mutum ba ya iya faɗa sai an zo an zauna kusa da shi.