Rigar Zuwa Beli

Gwiwar ɗan sandan na tsakiyar bayan Dogo mai walda, kumatunsa na manne da ƙasa a ƙofar shagonsa. An ce janaretan da aka kawo ya yi wa ƙafafu na sata ne. Bai gudu ba. "A kan me?" kawai ya ce, suka kai shi ƙasa.

Daga tsallaken titi mai kemis yana kallo. Dogo ƙanin matarsa ne, kuma a wurinsa yake karɓar maganin asma na shaƙawa. Ya san yadda kafaɗun Dogo ke ɗagawa idan numfashi ya fara sarƙewa. Ya zari maganin daga kanta, ya fito har bakin kwata.

Tela maƙwabcinsa ya riƙe masa hannu.

"Ina za ka? In suka haɗa da kai, wa zai yi belin wa?"

"Numfashinsa..."

"Dogon? Wannan da ke cinye abincin mutum uku? Sai dai nasu ya ƙare. Ba a yi wa hukuma magana a titi, malam. A ofis ake yi. Ka je musu da mutuncinka."

Dogo ya ɗago ido. Kullum "likitan bogi" yake ce wa mijin yayarsa. Yau da ƙyar ya ce, "Yaya."

Sajan ɗin 'yan sandan ya waiwayo. "Akwai mai magana?"

Babu. Mai kemis ya tura maganin cikin aljihu.

* * *

"An ɗan tafi da ƙaninki," mai kemis ya ce wa matarsa. "Ba wani abu ba ne. Goge min farar rigar nan."

"Maganinsa fa?"

"Ga shi a aljihuna."

"To ka tafi haka mana!"

"Ba ki san mutanen nan ba. Ka je musu a yamutse, ko kujera ba za su ba ka ba."

Babu wuta, sai da ta hura gawayi ta zuba a dutsen guga. Ta fitar da karin guga a hannun rigar tsaf. Daga nan ya biya ya ɗauki kawunta, tsohon malamin makaranta, saboda ya iya magana da manya.

A ofis kuwa an ba su kujera. Har "ranka ya daɗe" aka ce musu. Suna zaune wani ɗan sanda mai igiya biyu ya fito ya ce yaron ya yanke jiki a mota, an wuce da shi asibiti.

A asibitin ba ɗakin marasa lafiya aka nuna musu ba. Wani ƙaramin gini ne a baya.

* * *

A wurin zaman makoki kowa cewa yake saura ƙiris ya shiga tsakani a ranar. Tela ma ya ce shi dama zuciyarsa ba ta kwanta ba.

Matar mai kemis ba ta yi masa faɗa ba. Tana dafa masa abinci, tana amsa sallamarsa, tana wanke masa kaya. In sun bushe sai ta kwaso su ta zube a kan gado, ta fita.

Da safe ya zaro riga ɗaya daga tulin, ya kakkaɓe ta, ya sa. Haka ya bi layin a yamutse, ya buɗe kemis. Tela ya dube shi daga sama har ƙasa, ya buɗe baki, sai kuma ya sunkuyar da kai ya taka keken ɗinkinsa.