Audugar da Ke Cikin Fankar Inno

"Malam Junaidu, don Allah aje rediyon ga ka taho! Hwankar Inna ta tsaya!"

Fatiha ce, matar maƙwabcinsa Khalilu, tsaye bakin rumfar da yake gyaran rediyo da fitilun sola a Nasarawa Burkullu. Ko takalmi babu a ƙafarta, ga ƙasa ta ɗau zafin azahar. Junaidu bai tambaye ta komai ba. Tun safe yake jiyo numfashin Inno, uwar Khalilu, ta bayan katanga. Ya suri sukundireba ya bi ta.

Ciwon ƙirji ya daɗe yana cin tsohuwar, amma bazarar bana ita ta kayar da ita. In ba iska na dukan fuskarta ba, numfashi ba ya shiga. Shi ya sa Khalilu, da ya samu ɗan abin hannu a wurin haƙar zinariya, ya sayo mata wata fanka a Gummi mai aiki da batirin sola. Fanka kuwa ta ban mamaki: gindi kamar turmi, sama wani ƙaton zobe, tsakiya wayam, ka zura hannu ka fitar ba abin da zai taɓa ka. Ranar da aka kawo ta Inno cewa ta yi, "Iska ba reshe? Ku hitam min da ita! Ban kwana ɗaki guda da abin da ban san mai hura shi ba." Ba a yi nisa ba sai ga ta tana hana jikoki matsawa kusa da "ɗiyata".

Junaidu ya yi sallama ya shiga. Ɗakin ya yi turiri. Inno na jingine da matashi, baki buɗe, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka, kowane numfashi sai ya yi ƙara kamar ana jan ƙyauren da ya yi tsatsa. Wannan ce matar da ta goya shi lokacin da tasa uwar ke jinya, wadda har gobe ke kiransa Mai Kunnen Ƙashi. Yau ko sallamarsa ba ta iya amsawa ba.

"Ba a kai ta asibiti Bukkuyum?"

"Wa za shi kai ta? Tun jiya babu mai babur da ya yarda shi bi hanyar, an ce mutanen daji sun hito. Maigidan kuma shina can wurin haƙa, na kira, na kira, wayatai ba ta shiga."

To, ba asibiti, ba Khalilu, sai shi da wannan fanka. Fatiha ta koma tana yi wa tsohuwar fifita da faifai.

Ya danna maɓalli. Fankar ta yi gurnani, ta yi wari irin na waya mai ƙuna, amma ko gashin hannunsa bai motsa ba. Ya yi maza ya kashe. Batir lafiya, waya lafiya. Gaskiya dai, Junaidu bai taɓa buɗe irinta ba, kuma tsoro ya kama shi sosai. In ya fasa wani abu fa? Ina zai samo madadinsa a garin nan kafin la'asar? Ya juya ta, ya sake juyawa, ko noti ɗaya bai gani ba. Kai, waɗanda suka ƙera abin nan ba su taɓa zaton wani zai buɗe shi a gaban mai fitar rai ba! Sai da ya kwantar da ita ya ɓanɓare roban da ke ƙarƙashinta, sannan notunan suka bayyana. Sukundireban ya zame masa don gumi, ya goge tafinsa a riga, ya sake kamawa.

Numfashin Inno ya ɗauke.

Junaidu ya daskare. Fatiha ta saki faifai. "Inna! Inna!" Can sai ƙarar ta dawo, ta fi ta dā muni.

"Malam Junaidu, yi sauri, don girman Allah!"

"Ina yi, ina yi."

Murfin ya buɗe. Ashe tana da rassan, ƙanana ne, an ɓoye su a gindi. Su ke zuƙo iska ta wasu 'yan huje-huje su tura ta sama cikin zoben. Amma ba a ma ganin su. Wani abu fari ya cushe wurin dam, ya nannaɗe su, ya toshe kowace kafa. Ya sa yatsa ya jawo. Auduga ce, taushi lagwai, sai fitowa take kamar ba za ta ƙare ba.

"Mi ya kawo kaɗa cikin hwanka?"

Fatiha ta duba, ta ɗora hannu a ka. Ta yi ƙasa da murya.

"Ta likkahwaninta ce. Tun kaka take shiɓa tana kaɗi nan gindin hwankar. Ta ce ita ba a naɗe ta da yadin kasuwa, yadda uwatta ta kaɗa nata haka za ta kaɗa."

Junaidu ya yar da audugar kamar ya taɓa garwashi. Sai yanzu ya lura da taskira a gefen gado, da mazari, da bakan shiɓa, da dunƙulen alli. Duk watannin nan da tsohuwar ke zaune tana shirin tafiyarta, fankar na haɗiye burbushin kaɗan-kaɗan. Ya ji kamar ya fita da gudu.

"Mai Kunnen Ƙashi."

Da kyar maganar ta fito. Idon Inno na kan audugar da ke ƙasa.

"Kak ka yas min... Sa ta taskira. Zaren bai cika ba."

"To, Inno."

Ya tsince ta tas ya zuba mata. Ya hure rassan, ya share hujojin da tsinken tsintsiya, ya mayar da murfi, ko notunan bai gama ɗaurewa ba ya tsayar da ita ya danna da bisimilla. Ta yi ɗan zuu, sai iska. Gefen kallabin Inno ya motsa. Ta lumshe ido, ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda tun safe bai ji ta ja ba.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Ɗiyata ta dawo."

Junaidu ya zauna daɓas a ƙasa, har dariya ta kuɓuce masa. A ransa ya gama cewa an tsira. Yana cikin tattara notuna sai ya ji ɗakin ya yi shiru, ba komai sai fankar. Ya ɗaga kai. Fatiha na duƙe tana maimaita mata kalmar shahada a kunne, sannan ta sa hannu ta shafe mata ido.

An kai ta bayan la'asar, ba tare da ɗanta ba. Abin da masaƙi ya riga ya saƙa da zarenta bai isa likkafani ba, sai da aka cika da yadin kasuwa.

Da suka dawo daga maƙabarta, Fatiha ta yi masa magana ta bayan katanga. "Malam Junaidu, zo ka kashe ta. Na kasa shiga."

Ya shiga shi kaɗai. An naɗe shimfiɗar gadon. Fankar na nan tana hura inda kan Inno yake ɗazu, audugar da ke cikin taskira tana ɗan motsi. Ya ɗauki faifai ya rufe ta don kada ta watse, ya tsaya jim, sannan ya danna maɓallin.