Gahawa Ta Uku a Gidan Baffa Rifat

Sadeta Karić ta hau tudun gidan baffanta tana dafa gwiwa, jaka a rataye. Shekararta sittin da huɗu. Ta sayar da takalma a birnin Tuzla na Bosniya har yaƙi ya cinye shagon, ta koyar a makarantar sana'a, sannan ta shafe shekara goma sha tara tana bin ƙungiyoyin agaji daga Tajikistan zuwa Sudan, tana haƙa wa mutane rijiya, tana gina musu azuzuwa. Da ta gaji ta dawo ƙauyensu, sai ta tarar makarantar da ta yi karatu a ciki ake shirin rufewa.

Hukuma ta ce a samo ɗalibai goma sha biyu kafin Juma'a, ko a sa kwaɗo. Tara ke akwai. Baffa Rifat kuwa yana riƙe da jikoki uku, iyayensu na aiki a Jamus, kullum sai ya saka su a mota zuwa makarantar birni.

"A'a, Baturiyarmu ce yau?" in ji tsohon daga kan kujera. "Shigo, in ƙasarmu ba za ta ɓata miki takalmi ba."

"Haba Baffa, da wannan tsufan ma ba ka daina ba?"

"Na daina me? Zejna, ɗora mana wuta."

Kowa a Bosniya ya san gahawa uku ce. Ta farko ta maraba, ta biyu ta magana, ta uku tsararo ce, wadda ke cewa baƙo ya nemi takalminsa. Wanda aka yi wa tarbiyya ba ya buɗe bakin buƙata sai finjali na biyu ya sauka. Sadeta ta san haka tun tana 'yar mitsitsiya. Amma shekarun taro da agogo a kan tebur sun lalata mata hannu. Matar baffan na ajiye tire, tun ba a ciji curin sukarin da ake shan gahawa da shi ba, sai ga takarda da biro a gaban tsohon.

"Nan kawai za ka sa hannu, Baffa. Sunayen yaran na rubuta."

 Inna Zejna ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta a madadin baƙuwa.

"Ba ki tambayi ƙafata ba," in ji shi. "Ba ki tambayi kabarin ubanki ba, wanda ni nake cire wa ciyawa. Haka kuke yi wa mutanen can? Ku shiga, a dangwala, ku fita?"

"Lokaci ne babu, wallahi."

"Shekara goma sha tara kina da shi, 'yar nan. Rufin makarantar nan ya yi yoyo damina shida. Kina ina? Kina yi wa 'ya'yan wasu allo."

 Tana da amsa, irin wadda ta sha bai wa hakimai da ministoci, amma ƙarfin ɗaga ta ne babu. Ta mayar da biron cikin jaka.

"To mu sha ta biyu, Baffa, mu yi magana kamar mutane."

Tsohon ya dubi matarsa kawai. Inna Zejna ta tashi jiki ba ƙwari, ta daɗe a madafa. Da ta dawo ta zuba, Sadeta ta hango gindin finjalin ta cikin ruwan. An tsallake ta biyun.

Ta shanye duka, don barin ragowa wani laifin ne. Ta sumbaci hannunsa, ta ce Allah ya ƙara lafiya.

"Amin. Ki kula da gangaren, akwai santsi."

Ran Litinin babbar mota ta zo kwashe bencinan makarantar. Direban ya rasa wanda zai riƙe masa ƙofar aji saboda iska, sai Sadeta ta jingina bayanta da ita, ta tsaya har aka fitar da na ƙarshe.